Yayana Ya Tsoma Hannun Mijina A Tukunyar 'Yan Chaina

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, akwai dangin mijina a cikin guruf ɗin nan, wadda ta gane ni kuma ta rufa min asiri ta yi shiru. Don Allah ku ba ni shawara, ta tsakani da Allah, kaina ya kulle, kuma zuwa Juma'ar nan ake jiran amsa daga bakina.

Ni 'yar Hayin Banki ce, a nan aka haife ni a nan na tashi. Mu biyu ne wajen Ummanmu, ni da Yayana namiji, shi ne ɗan fari. Babanmu ya rasu ina firamare, Yaya ya ajiye makaranta ya shiga koyon walda a bakin titin Kawo, da waldar nan ya riƙe gidanmu, da ita ya yi min karatu har na samu aikin koyarwa, da ita ya yi min kayan ɗaki, gadon aurena ma shi ya ƙera shi da hannunsa. Mutum ne mai shiru-shiru, sai ki wuni da shi bai yi magana ta kirki ba, ni dai ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya daki ko ɗan cikinsa ba. Na fara da wannan ne don kar ku karanta abin da ke ƙasa ku ce ɗan daba ne.

Mijina ma'aikacin gwamnati ne a wata ma'aikata a nan Kaduna, shekararmu bakwai da aure, 'yarmu ɗaya. Ni na kawo shi gida da kaina, ba wanda ya haɗa mu. A waje ba mai zaginsa, ga fara'a ga kyauta ga sahun gaba a masallaci, in ya zo gaida Umma har ƙasa yake durƙusawa. Ya gina gida a Katabu, can ciki inda gidaje ke nesa da juna, na kusa da mu ma kango ne, ko za ki yi ihu har muryarki ta dushe ba mai leƙowa. A shekara ta biyu ya fara dukana. Da farko mari ne, sai bel, sai wayar caja, kuma ya san inda yake duka, ba ya taɓa fuska, baya da cinya da damtse yake nema, inda riga ke rufewa. Ban taɓa kai ƙara gida ba, Umma na da hawan jini, shi kuma Yaya ya sha wuya a kan auren nan, sai nake ganin in na kwaso kaya na dawo kamar na zubar masa da guminsa ne a ƙasa.

Kwanakin baya aka yi masa ƙarin girma a ofis. Ranar da abokan aikinsa za su yi masa walima ya ba ni farar shaddarsa in goge, ina cikin guga wuta ta ƙaru, dutsen ya bar ɗan tabo rawaya a bakin aljihu, wallahi bai kai girman kwabo ba. Ya zo ya tsaya ya kalli rigar, bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan. Ya karɓi dutsen gugar daga hannuna, ya kama hannuna na dama ya shimfiɗa a kan teburin, ya danna min bakin dutsen a ƙasan gwiwar hannu. Sai da na ji ƙaurin fatata da hancina kafin ya ɗaga. Ya shiga ɗaki ya canza wata rigar, ya fesa turare ya fita, yana hanya ya bugo min waya ya ce in aika kemis a sayo min magani, kuma in sa riga mai dogon hannu in zan je makaranta. Ƙunar ta fito da siffar bakin dutsen guga sak, mai tsini a gaba, duk macen da ta taɓa guga in ta gani ba sai an yi mata bayani ba.

Ciwon bai gama kamewa ba ya zo min da zancen cin abinci. Da ma ofis sun taɓa tura shi kwas Chaina na 'yan makonni, tun daga nan ba mu huta ba, komai a Chaina kaza a Chaina kaza, ko shayi aka kawo masa sai mun ji yadda 'yan Chaina ke shan nasu. To an buɗe wani gidan abincin 'yan Chaina na manya can wajen GRA, irin wanda ake dafa abinci a kan tebur, ya ce ranar Asabar da rana zai kai mu, ni da Umma da Yaya, mu taya shi murna. Ni na san ba don Allah ba ne, so yake ya nuna wa Yaya matsayinsa, don a bayan idonsa injiniyan bakin titi yake ce masa. Umma ta ce ita ina ita ina otal, a kawo mata nata a leda ta sa albarka. Ya tashi takanas ya je Hayin Banki ya durƙusa ya ce in ba ta zo ba bai ji daɗin ƙarin girman ba, ita kuma ba ta iya musu da suruki, ta ce to. Muka bar 'yarmu wajen matar Yaya muka tafi bayan azahar.

Wajen dai ya haɗu, ba zan ɓoye ba. Jajayen fitilu a rataye, sanyin esi kamar cikin firji, ma'aikata sanye da baƙaƙen kaya suna ta rusunawa. Ya kama mana ɗaki na musamman mai ƙofar gilashi. Teburin akwai rami a tsakiyarsa, a cikin ramin an dasa tukunyar ƙarfe mai faɗi, an raba ta biyu, gefe ɗaya farin romo, ɗaya gefen jan romo mai da barkono na yawo a kai, wuta kuma daga ƙarƙashin teburin take, yana ta tafasa a gabanmu, tururin kaɗai ya sa Umma atishawa. Sai aka fara jero farantai, naman sa ɗanye an yanka shi siriri kamar takarda an nannaɗe, jatan lande ɗanye, ganyaye, taliya, da wata farar aba da mijina ya kira da sunan Chaina, na duba da kyau na ga awara ce, irin ta bakin layinmu, an dai yanka ta da kyau ne. Umma ta raɗa min in tambaya ko yankan musulmi ne, yarinyar da ke mana hidima ta ji, ta ce da Hausarta mai kyau, Mama kar ki damu, daga mahautar cikin gari ake kawowa. Yaya ya kalli ɗanyen naman ya kalli tukunyar ya ce, wato mu biya kuɗi kuma mu dafa da kanmu. Na yi dariya, yarinyar ta yi dariya, mijina bai yi ba.

Inda bai yi lissafi ba shi ne, Umma ba ta cin abinci a gaban suruki. Shekara bakwai ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba, ko fuskarsa ba ta kallo sosai, balle a ce ta sa cokali a tukunya ɗaya da shi. Ya yi ta lallashi, Umma zamani ya canza, Umma a Chaina haka iyali ke ci gaba ɗaya, ta ce ita a ƙoshe take, Allah ya yi albarka, ta ɗan karkace ta ja hijabinta ta ɗauko carbi. To kun ga kowa hankalinsa na kan tukunya, ita kaɗai ce idonta ba aikin da yake sai kallo. Mijina ya yi ta lacca a kan yadda ake tsoma nama a ɗan jira a cire, ya nuna wa Yaya yadda ake riƙe tsinkayen nan biyu da suke ci da su, Yaya na ta kokawa da su nama na zamewa, shi kuma yana murmushi yana cewa ai ba ƙarfen walda ba ne, a hankali ake bi. Amma duk laccar nan, mutumin da ko ruwan zafi bai taɓa dafa wa kansa a gida ba, da ya tsoma sau biyu tururi ya dake shi sai ya jingina da kujera ya ce min, ke tashi ki dafa mana.

Na miƙe na ɗauki ludayin. Abaya ce a jikina mai faɗin hannu, na zaɓe ta ne don kar ta goge min ciwon, ban naɗe shi da bandeji ba saboda mai kemis ya ce a bar shi ya sha iska. Duk miƙa hannun da zan yi sai bakin hannun rigar ya nemi shiga romo. Su kuma a wajen haka aka koya musu aiki, ba sa bari ki nemi abu, kofinki bai ƙare ba an cika, wayarki an sa mata leda kar romo ya fantsama, har 'yar roba suke da ita ta ɗaure hannun riga. Ban ankara ba yarinyar nan ta matso ta ce, Hajiya bari in naɗe miki kar ya ɓaci, kafin in janye ta riga ta tura hannun rigar har gwiwa. Ta ga abin, ta ce wayyo sannu Hajiya, ta saki. Na ja rigar da sauri na rufe, amma na ɗaga ido na ga carbin Umma ya tsaya a hannunta. Yaya bai gani ba, kansa na ƙasa yana fama da tsinkaye. Mijina ya ga Umma ta gani, sai ya yi 'yar dariya ya ce, Umma ai 'yar taki ba ta iya guga ba, maimakon ta goge riga kanta take gogewa.

Da ya tsaya a nan ina jin da an tashi lafiya. Na zauna, sai ya miƙo hannu ta ƙarƙashin tebur ya kama hannuna, daidai kan ciwon, ya matse, fuskarsa na kallon Umma yana murmushi. Haka yake min in muna cikin mutane, ma'anarsa ki kama bakinki. Amma wannan karon a kan ɗanyen ƙuna ne, ɓawon ya fashe, na ji wani zafi har tsakiyar kaina, ƙara ta kufce min ban shirya ba. Ruwa da jini suka jiƙa hannun abayar. 'Yan uwa kun san ɗan fari, a rayuwata ban taɓa jin Umma ta kama sunan Yaya ba, kai wannan take ce masa, ko ta ce babban gida. Ranar nan ta kira shi da sunansa na yanka, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, tashi ka ɗaga hannun rigar ƙanwarka. Yaya ya ɗago kamar an watsa masa ruwa, don shi ma ina jin bai taɓa ji ba. Ya ajiye tsinkayen ya zagayo, ya ɗaga rigar a hankali, ya daɗe yana kallon wajen. Ya ce min, wa ya yi miki. Hawaye kawai nake. Ya tura rigar sama kaɗan ya ga tsofaffin shatin wayar caja a damtsena.

Ya juya wajen mijina ya tambaye shi da wane hannu ya yi. Mijina ya miƙe ya fara ɗaga murya, wai matarsa ce, ba wanda zai shiga tsakaninsa da iyalinsa, wai shi ya ɗauko mu daga lungu ya kawo mu inda ba mu taɓa mafarkin shiga ba shi ne za a ci masa mutunci, ya miƙa hannun dama yana nuna Yaya da yatsa har yana taɓa masa hanci, yana cewa kai wane ne, mai walda. Yaya ya kalli yatsan. Ya cafke wuyan hannun, ya murɗe shi, ya danna shi cikin jan romon nan har wuyan hannu, ya riƙe. Ban taɓa jin ɗan adam ya yi irin ƙarar da mijina ya yi ba. Ya yi ta fizga, amma hannun da ya shekara ashirin yana lanƙwasa ƙarfe ba ya fizguwa, romon na tafasa yana fantsama a kan hannun Yaya shi ma bai saki ba. Mijina ya lalubo farantin tangaran da hagu ya rotsa wa Yaya a ka, jini ya wanke masa fuska, duk da haka bai saki ba. Sai da Umma ta ce ya isa, sannan ya buɗe hannunsa. Mijina ya faɗi baya ya ja mayafin tebur, farantai suka tarwatse, romo ya kwarara ƙasa, ɗanyen nama da jini da fasassun tangaran duk a waje ɗaya, yarinyar nan ta fita da gudu tana ihu, masu gadi suka shigo suka danne Yaya a ƙasa suna dukansa da kulki alhali ko motsi bai yi ba, wani ɗan Chaina na ta faɗa da yarensu. Na ga hannun mijina da aka ɗaga shi, fatar ta saɓule tana reto kamar safar hannu.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. Duk tsawon lokacin da hannun nan ke cikin tukunya ina tsaye dab da su, ban ce Yaya ka sake shi ba, ban kama rigarsa ba, ban yi ihu ba. Kallo nake. Kuma Allah ya gani, a cikin ƙirjina wani sanyi na ji, irin wanda na shekara biyar ban ji ba. Uban 'yata ne yake ƙara, ni kuma ina jin sanyi. Tun ranar nake istigfari a kan wannan, kuma har yau in na tuna ban san ko nadama nake ba ko tsoro.

Yanzu mijina na kwance a asibiti, an yi masa aiki, likita ya ce da wuya yatsu biyu su sake lanƙwasuwa, kuma hannun da yake rubutu da shi ne. Yaya ya kwana a caji ofis da ɗinki a ka, aka kai shi kotu, alƙali ya hana beli ya ce a ajiye shi a gidan yari. Akwai kyamara a ɗakin, ta ɗauki komai tas, yadda Yaya ya kama hannun da yadda ya riƙe, amma ba ta ɗauki ƙarƙashin tebur ba. Wanda ya kalli bidiyon zai ga mutum na murmushi da surukarsa, sai ga wani ya taso ya dafa masa hannu a tukunya. Lauyan da abokan Yaya na bakin titi suka haɗu suka ɗauka ya ce min gaskiya ba zai yi min ƙarya ba, laifin a bayyane yake, abu ɗaya ne zai iya sassauta hukunci, shi ne in tsaya a gaban alƙali in buɗe hannuna in faɗi komai, kuma ko da hakan ba tabbas Yaya ya tsira daga ɗauri, sai dai a rage. Ni ina Hayin Banki wajen Umma tun ranar, ban koma Katabu ba ko don ɗaukar kaya.

Shekaranjiya kawun mijina ya zo da wasu dattawa biyu. Suka yi ta zagaye-zagaye da zumunci da rufin asiri, daga ƙarshe suka ajiye maganar. Za su janye ƙara a yi sulhu Yaya ya fito, amma da sharaɗi. In koma ɗakina in yi jinyar mijina. In tsaya a gaban manyan ɓangare biyu in ce ƙunar hannuna tsautsayin guga ne, shatin jikina kuma faɗuwa na yi daga babur, in ce mijina bai taɓa dukana ba, Yaya ne zuciya da hassada suka ɗebe shi. Wai in maganar duka ta fita za ta taɓa masa aiki, ga shi yanzu aka ƙara masa girma. In kuwa na ƙi, kawun ya ce za su bi shari'ar har ƙarshenta, kuma in tuna ɗansu ya san mutane, mu kuma ba mu san kowa ba. Ya faɗi wannan yana shan ruwan da Umma ta kawo masa. Suka ce bayan sallar Juma'a za su dawo jin amsa.

Na je asibiti sau ɗaya, don kar a ce ban je ba. Ƙannensa na ɗakin, ya yi min fara'a a gabansu, ya ce a ba ni kujera, ya tambayi 'yarmu, har na fara tunanin ko abin da ya same shi ya taɓa masa zuciya. Da suka fita sallah ya ce in matso in gyara masa filo. Na sunkuya, hannun daman na naɗe da bandeji kamar ƙullin kaya, sai ya ɗaga ɗayan a gaban fuskata ya buɗe yatsun ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya ce min a hankali, kin gani, na hagun lafiyarsa ƙalau. Yana murmushi ya faɗa. Ban san yadda na fito daga asibitin ba, sai ganina na yi a bakin titi ba takalmi ɗaya.

Na je gidan yari wajen Yaya na faɗa masa sharaɗin, ban faɗa masa maganar hannun hagu ba, don na san in ya ji ko ya fito sai ya koma. Ya rame, ɗinkin kansa ya kumbura, bayan hannunsa duk ƙuna. Ya ce min, in kika koma gidan nan saboda ni ban yafe miki ba, ko shekara nawa ne zan yi, ai ba mutuwa ba ce. Abin da ya ce ya fi damunsa wai shi ne shekara biyar ana dukana yana gari ɗaya da ni bai sani ba. Na dawo gida na tarar da matarsa tana jirana, ga tsohon ciki ga yara uku, shagon walda a rufe, waɗanda suka ba shi aiki sun fara zuwa kwashe ƙofofinsu da ba a gama ba. Baiwar Allah nan ba ta taɓa ɓata min rai ba, ta girme ni, amma ta durƙusa a gabana ta kama ƙafata tana kuka, ta ce, ki yi min rai ki koma ko na wata biyu ne, in ya fito sai ki san dabarar fitowa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Amma in na tsaya gaban dattawa na rantse bai taɓa dukana ba, ranar da na gudo wa zai yarda da ni, kuma wa ya ce zan kai wata biyun. Umma kuwa ta ƙi ba ni shawara. Na tambaye ta har sau nawa, sai ta ce duk nata ne, ba za ta zaɓi ɗaya ba. Kullum da safe za ta zaunar da ni ta shafa min zuma a ciwon, ba ta magana, jiya ne kawai ta ce da ta ci abincin nan kamar kowa da idonta bai gani ba, da ɗanta na gida. Sai kuma ta ce astagfirullah, ta ci gaba da shafawa.

To 'yan uwa ga ni a gabanku. Masu ilimin addini, ya halatta in rantse a kan ƙarya don in fito da ɗan uwana. Lauyoyin cikinmu, da gaske ne in na faɗi gaskiya ba za ta fitar da shi ba, kuma in an yi sulhun nan akwai abin da zai kare ni bayan na ce da bakina ba a taɓa dukana ba. Masu cewa a yi haƙuri, ban ƙi ba, amma ku faɗa min yadda ake haƙuri a gidan da maƙwabcinsa kango ne. Mutumin da ya bar makaranta don in yi karatu yana kwana a kan siminti saboda ni, yaransa na tambayata yaushe Baba zai dawo. In na yi shiru na koma, shi zai fito ranar Litinin ya buɗe shagonsa, ni kuma zan shiga Katabu in rufe ƙofa, in zauna ina ba wa mijina abinci a baki har ya warke, ina kallon hannun hagun nan a kan cinyarsa. Don Allah in ku ne ni, me za ku ce wa kawunsa ranar Juma'a?